Ƙwayar zarra da ɗaurin sinadarai: tambayoyin da masu karatun ilimin halittu ke yawan yi

Kusan duk littafin ilimin halittu da ka buɗe, babinsa na farko ko na biyu ba ya maganar dabba ko tsiro, sai ƙwayar zarra da yadda take ɗaure da 'yar uwarta. Ɗalibai da yawa tsallake babin suke yi, su ce su ba kimiyyar sinadarai suka zo karantawa ba. Na daɗe ina koyar da shi, kuma na sha ganin yadda tsallakewar ke dawowa ta ci mutum a gaba: ya iso kan furotin ko DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da saƙon gado, ya koma hadda ba tare da fahimta ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, wasu a aji, wasu bayan an tashi.

Mece ce ƙwayar zarra, kuma me ke cikinta?

Ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren sinadari da ke riƙe da halayensa. In ka yi ta gutsura zinariya, za ka kai wani matsayi da in ka ƙara rabawa, abin da ya rage ba zinariya ba ne kuma. Wannan ƙwayar ta ƙarshe ita ce zarra. Ƙanƙantarta ta wuce misali: sai ka jera kusan miliyan 10 kafin su cika milimita ɗaya.

Masanin Girka Demokiritus ya yi hasashenta tun kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, amma hasashe ne kawai. John Dalton na Ingila ne ya ɗora maganar kan awo da lissafi a farkon shekarun 1800. Daga baya aka gane cewa ita ma tana da kayan ciki. J.J. Thomson ya gano ilektiron a 1897, Ernest Rutherford ya nuna a 1911 cewa akwai wata 'yar cibiya mai nauyi a tsakiya, James Chadwick kuma ya gano niyutiron a 1932.

Abubuwa uku ke nan. Furoton yana cibiya, yana ɗauke da cajin ƙari. Niyutiron ma yana cibiya, ba shi da caji. Ilektiron yana kewaye daga waje da cajin ragi, kuma furoton ɗaya ya fi shi nauyi sau 1,836. A kula: furoton daban, furotin daban. Harafi ɗaya ne ya raba su a rubuce, amma na farko yanki ne na zarra, na biyu kuwa gini ne na dubban zarra.

Yawan furoton shi ne sunan yanka. Mai ɗaya haidirojin ne, mai 6 kabon, mai 7 naitirojin, mai 8 oksijin. Canza adadin, ka canza sinadarin.

An ce kusan duk cikin zarra fili ne. To me ya hana hannuna ratsa tebur?

Maganar fili gaskiya ce. Da za a hura zarra ta kai faɗin kilomita ɗaya, cibiyarta ba za ta wuce 'yan santimita ba, alhali fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na nauyin yana wannan cibiyar. Abin da ke tsare hannunka shi ne ilektiron: na fatarka da na tebur caji iri ɗaya gare su, suna ture juna, kuma akwai ƙa'idar da Wolfgang Pauli ya bayyana a 1925, cewa ilektiron biyu ba sa zama a matsayi ɗaya sak. Taurin da kake ji, turjiyarsu ce.

Sinadarai nawa ne suka gina jikin mutum?

Jadawalin sinadarai, wanda Dmitri Mendeleev na Rasha ya fara tsarawa a 1869, yanzu yana da gurbi 118. Rayuwa kuwa ba ta ɗebi da yawa ba. Huɗu kacal ne suka ɗauki kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyin jikinmu: oksijin kimanin 65, kabon 18, haidirojin 10, naitirojin 3. Oksijin ya yi wannan rinjaye ne saboda ruwa, wanda ya kai kusan kashi 60 na jikin babban mutum. Da ƙirga zarra za a yi ɗaya bayan ɗaya ba awon nauyi ba, haidirojin ne zai zo na ɗaya, don shi ya fi yawa, sai dai ba shi da nauyi.

Bayansu sai kalsiyam da fosfaras, waɗanda suka taru a ƙashi da haƙori, sannan fotasiyam, farar wuta, sodiyam, kulorin da maginiziyam.

Waɗanda suke ɗan kaɗan fa, suna da wani tasiri?

Sosai ma. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 4 ba, kwatankwacin ƙaramar ƙusa, amma ba don shi ba jini ba zai iya ɗaukar oksijin ba. Kowane himogulobin, wato furotin ɗin da ke sa jini ja, yana da zarra huɗu na ƙarfe, kowace tana riƙe molekul ɗaya na oksijin, wato zarra biyu a ɗaure, daga huhu zuwa tsoka. Aidin bai kai ko kusa da haka yawa ba, amma in ya yi ƙaranci sai halittar da ke gaban wuya ta kumbura, abin da ake kira maƙoƙo. A tsirrai kuma, tsakiyar koren sinadarin ganye mai kama hasken rana zarra ɗaya ce ta maginiziyam.

Me ke sa zarra ta ɗaure da wata tun farko?

Ilektiron ba a warwatse suke ba, zaune suke hawa-hawa. Hawan farko na kusa da cibiya yana cin biyu kawai, na biyu yana cin takwas. Zarrar da hawanta na waje ya cika, a natse take. Shi ya sa hiliyam da niyon da agon ba sa shiga harkar kowa. Sauran kuwa, waɗanda ke da gurbi a waje, suna samun natsuwa ne ta hanyar bayarwa, ko karɓa, ko tarayya da maƙwabciya. Ɗaurin sinadarai ke nan a taƙaice.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so kowane ɗalibi ya riƙe a ka: haidirojin yana yin ɗauri 1, oksijin 2, naitirojin 3, kabon 4. Ba sai an haddace shi a makance ba. Oksijin yana da ilektiron 8, biyu a ciki shida a waje, saura biyu ya cika. Kabon yana da 6, biyu a ciki huɗu a waje, saura huɗu. Wanda ya gane wannan zai iya duban zanen sukari ko na kitse ya san ko an zana shi daidai.

Mukan ce zarra tana "son" cika hawanta. Salon magana ne kawai. Abin da ke faruwa shi ne, tsarin da ya fi ƙarancin makamashi shi ya fi dorewa, kamar yadda dutse ke gangarowa ya tsaya a kwari.

Mene ne ɗaurin tarayya?

Shi ne wanda littattafai ke kira kobalen. Zarra biyu suna haɗa ilektiron bibbiyu a tsakaninsu, kowace na lissafa su a matsayin nata. Gilbert Lewis na Amurka ne ya bayyana shi a 1916. Wannan ɗaurin shi ne ƙashin bayan duk wani molekul na rayuwa: shi ya riƙe sarƙar DNA, shi ya riƙe jerin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su.

Tarayyar tana iya zama ta tagwaye ɗaya, ko biyu, ko uku, kuma ƙarfin yana ƙaruwa da yawansu. Misalin da ya fi burge ni shi ne naitirojin. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, jikinmu kuma yana matuƙar buƙatarsa don gina furotin, amma yadda ya shiga huhu haka yake fita. Dalili kuwa zarra biyun suna ɗaure da ɗauri mai riɓi uku, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani. Ba dabbar da ke iya kwance shi, ba tsiron da ke iyawa da kansa. Wasu bakteriya ne ke yi, ciki har da masu zama a 'yan ƙulle-ƙullen saiwar wake da danginsa. Da Fritz Haber da Carl Bosch suka samo hanyar yin haka a masana'anta a Jamus, tsakanin 1909 da 1913, sai da suka yi amfani da zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani. Bakteriyar kuwa tana yin aikin a cikin ƙasa mai sanyi, ba hayaniya.

Gishiri fa? An ce ɗaurinsa daban ne.

Daban ne. A nan ba tarayya ake yi ba, ƙwace ake yi. Sodiyam yana da ilektiron ɗaya tilo a waje, kulorin kuma saura ɗaya ya cika. Sai ilektiron ɗin ya koma wajen kulorin ɗungurungum. Sodiyam ya zama mai cajin ƙari, kulorin mai cajin ragi, su manne da juna saboda saɓanin caji. Zarra mai caji ana ce mata iyon. Kada a rikita ta da "ayon" da ma'aikatan lafiya ke faɗa in suna maganar ƙarin jini, wancan ƙarfe suke nufi.

Ranar da na fara ganin sodiyam tsantsa a ɗakin gwaji ba ta ɓace mini ba. An ciro shi daga kwalbar mai da ake ajiye shi, aka yanka da wuƙa kamar sabulu, gefen da aka yanka ya yi ƙyalli na ɗan lokaci sannan ya dushe a gaban idonmu. Aka jefa ɗan gutsure a kwanon ruwa, ya dunƙule ya shiga zagaye a saman ruwan yana huci har ya ƙare. Kulorin kuwa iska ce mai guba. Amma ilektiron ɗaya ya sauya gida, sai ga farin gishirin da jiki ba ya rayuwa sai da shi.

A bushe, ɗaurin gishiri yana da ƙarfi ƙwarai, sai zafi ya kai kusan digiri 800 kafin ya narke. A cikin ruwa kuwa nan da nan yake watsewa, don ruwa yana kewaye kowane iyon ya raba shi da abokinsa. Tunda cikin jiki ruwa ne, iyon a sake suke yawo, kuma da su jijiyoyi ke aika saƙo. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da 'yan famfuna a tantaninta masu fitar da sodiyam 3 su shigo da fotasiyam 2 a kowane zagaye. Jens Skou na Denmak ne ya gano wannan famfon a 1957. Bambancin cajin da famfon ke tarawa tsakanin ciki da waje, shi ake saki in zuciya za ta buga ko tunani zai gilma.

Me ya sa kabon ne tushen rayuwa, ba wani ba?

Hannu huɗu gare shi, kuma yana ɗaure da ɗan uwansa kabon da ƙarfi. Saboda haka yana yin doguwar sarƙa, yana yin rassa, yana yin zobe, kuma har yanzu da sauran hannun da zai riƙe haidirojin ko oksijin ko naitirojin. Silikon ma hannu huɗu gare shi, amma sarƙarsa ba ta da ƙwari, kuma in ya haɗu da oksijin yashi yake zama. Kabon in ya haɗu da oksijin iska yake zama, wadda ke narkewa a jini, ta fita ta huhu, ganye ya sake kama ta.

Ba yawan zarra kaɗai ke magana ba, har da yadda aka jera su. Sitaci da zaren da ke jikin itace da auduga duk sarƙar gulukos ce, wato wani sukari mai sauƙin gini. Bambancin kawai ta wace fuska kowane gulukos ya kama na gaba. Wannan 'yar juyawar ta sa muna narkar da sitaci tun daga miyau, amma ba ma iya narkar da ciyawa. Ko saniya ba da kanta take yi ba, ƙananan halittun da ke tumbinta ne ke yi mata.

Me ya sa ake ta zuzuta ruwa a wannan darasin?

Don ya cancanta. A molekul ɗin ruwa, oksijin ɗaya ne ke tarayya da haidirojin biyu, amma tarayyar ba ta adalci ba ce. Oksijin ya fi ƙarfin jan ilektiron, sai su fi zama a gefensa. Linus Pauling ya tsara ma'aunin wannan ƙarfin ja a 1932: oksijin yana wajen 3.4, naitirojin 3.0, kabon 2.5, haidirojin 2.2. Ga shi kuma molekul ɗin a lanƙwashe yake, da kusurwa mai digiri 104.5. Sakamakon haka gefen oksijin yana da ɗan cajin ragi, gefen haidirojin yana da ɗan cajin ƙari. Kowane molekul na ruwa tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai kai da gindi.

Sai haidirojin na wannan ya jingina da oksijin na wancan. Wannan jinginar ita ce ɗaurin haidirojin. Ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na ɗaurin tarayya ba, kuma a ruwan da ke kwance kowane ɗaya ba ya daɗewa fiye da kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa kafin ya kwance wani ya ɗauru. Amma duba abin da yake haifarwa.

Da farko, shi ya sa ruwa yake ruwa. Akwai wani molekul mai kama da shi, inda farar wuta ta maye gurbin oksijin, wanda ke ba ruɓaɓɓen ƙwai warinsa. Ya fi ruwa nauyi, amma tun a digiri 60 ƙasa da sifili yake tafasa ya zama iska, don ba shi da wannan riƙon. Ruwa kuwa sai ya kai 100.

Shi ya sa ruwa ke shan zafi mai yawa kafin ya ɗumama, abin da ke hana zafin jiki hawa da sauka kamar na ƙarfen da aka bari a rana. Shi ya sa gumi ke sanyaya fata: kowane giram da ya bushe yana tafiya da zafin da ya haura jul 2,000 (jul ma'aunin makamashi ne). Shi ya sa ruwa ke hawa bishiya daga saiwa zuwa ganye a matsayin zare ɗaya da bai tsinke ba, har a itatuwan Kalifoniya da suka haura mita 100. In kana son gani da idonka, ɗora allura a kan 'yar takarda mai laushi, ka ajiye a saman ruwa a kofi. Takardar za ta jiƙe ta nutse, allurar ta zauna a sama, kana ganin yadda fuskar ruwan ta ɗan lotsa a ƙarƙashinta. Ɗiga sabulu kaɗan, nan take za ta faɗa ƙasa.

Sai ƙanƙara. Yawancin abubuwa in sun daskare tsukewa suke yi su ƙara nauyi. Ruwa ya fi tsukewa a digiri 4, in ya daskare kuma ɗaurin haidirojin yana tsayar da kowane molekul nesa kaɗan da maƙwabtansa huɗu, sai ya buɗe da kusan kashi 9 cikin ɗari. Don haka ƙanƙara ke tasowa sama. A ƙasashe masu tsananin sanyi, tafki daga sama yake daskarewa, kifi na ci gaba da rayuwa a ƙasa.

Me ya hana mai haɗuwa da ruwa, kuma ina ruwan rayuwa da hakan?

Mai sarƙar kabon da haidirojin ce, su biyun kuma ƙarfin jansu ya yi kusa, don haka ba gefen da ke da caji. Ruwa ba shi da inda zai kama. Sai molekul ɗin ruwa su riƙe junansu, su matse man ya taru wuri ɗaya.

Da wannan aka gina katangar kowace ƙwayar halitta. Tantanin an yi shi ne da wani irin kitse mai kai ɗaya da ke jituwa da ruwa, da wutsiya biyu da ba sa jituwa da shi. Zuba su a ruwa, da kansu za su jeru sahu biyu, kawuna a waje, wutsiyoyi a ɓoye a tsakiya. Ba wani ɗaurin tarayya tsakanin ɗaya da na kusa da shi, shi ya sa tantanin yake da laushi, yana lanƙwasa, in an huda shi ya rufe. Sabulu ma siffarsa ke nan, kai da wutsiya, don haka yake iya kutsawa ya wargaza rigar kitsen da wasu ƙwayoyin cuta ke lulluɓe da ita.

In ɗauri mai rauni ne, wane amfani zai yi wa jiki?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, kuma a ganina duk babin don ita aka rubuta shi. Ɗauri mai ƙarfi gini yake yi. Aiki kuwa, wato kamawa da saki, buɗewa da rufewa, sai mai rauni. Abin da ba ya kwancewa ba ya motsi.

Ɗauki DNA, wanda James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a 1953, bisa hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka a Landan. Igiya biyu ce a murɗe. Tsawon kowace igiya ɗaurin tarayya ne ya riƙe shi, don kada saƙon gado ya tarwatse. Amma tsakanin igiyar da 'yar uwarta ɗaurin haidirojin ne: a cikin haruffa huɗu da ake rubuta saƙon da su, biyu tsakanin A da T, uku tsakanin G da C. Kowane ɗaya ba komai ba ne, amma a jerin da ya kai tagwaye biliyan 3, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Igiyoyin suna riƙe gam, kuma duk da haka in za a kwafi wani yanki, ana zuge shi kamar zif, a karanta, a mayar. Da ɗaurin tarayya ne a tsakiyar, da littafi ne da aka manne shafukansa.

Haka numfashi. Himogulobin yana riƙe oksijin riƙon da zai iya saki in ya isa tsoka. Iskar kabon monoksaid, wadda ke fita daga injin janareta ko garwashi a rufaffen ɗaki, tana kama wannan gurbin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta ƙi saki. Illarta ke nan: ta fi ƙarfin riƙo. Ba ta da launi ba ta da wari, don haka kada a taɓa kunna irin waɗannan a inda iska ba ta ratsawa.

Furotin kuma sarƙa ce ta amino asid iri 20, wadda ke naɗewa ta ɗauki wata siffa ta musamman, kuma siffar ita ce aikin. Mafi yawan abin da ke riƙe naɗin raunanan ɗauri ne. Fasa ƙwai a kasko mai zafi ka kalli farin: yana nan garau kamar ruwa, sai gefe-gefe ya fara yin fari, ya taurare. Zafin bai tsinka sarƙar ba. Naɗin ya warware, sarƙoƙin suka sarƙe da juna. Wannan ne ya sa zafin jiki in ya yi tsanani ƙwarai yake zama haɗari.

Ciwon sikila ma daga nan yake. A sarƙar himogulobin mai amino asid 146, na shida ne kawai ya canza: gulutamik asid mai caji ya ba da wuri ga balin, wanda ba ya jituwa da ruwa. Wannan ɗan tabon maiƙo a bayan furotin ɗin yana neman inda zai ɓuya, sai ya manne da himogulobin na kusa, wancan ma ya manne da na gaba, su yi dogayen sanduna da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar a molekul take, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin gurbin a tsakiyar shekarun 1950. Duk raɗaɗin da mai sikila ke sha, asalinsa 'yan zarra ne a gurbi ɗaya.

Akwai wanda ya fi ɗaurin haidirojin rauni ma, mai ɗauke da sunan masanin Holan van der Waals. Yana tasowa ne daga karkatar ilektiron ta ɗan lokaci in abu biyu sun matso dab da juna. Da shi tsaka ke tafiya a silin: tafin ƙafarta cike yake da gashi sirara ƙwarai, kowane ya rabu ɗaruruwa a baki.

Gaskiya ne makamashi a cikin ɗauri yake, in an karya shi ya fito?

A'a, kuma wannan kuskuren ya yaɗu har a wasu littattafai. Karya ɗauri kullum cin makamashi yake yi. Ana samun makamashi ne lokacin da sabon ɗauri ya ƙullu. In sababbin sun fi tsofaffin ƙarfi, rarar ita ke fita. Gulukos ɗaya yana haɗuwa da oksijin 6, a samu kabon dayoksaid 6 da ruwa 6, kuma ɗaurin waɗannan na ƙarshe ya fi ƙarfi. Itace a wuta haka yake yi a lokaci guda. Ƙwayar halitta kuwa tana bi a hankali, mataki-mataki, tana tara rarar a wani molekul da ake kira ATP.

Wannan ya bayyana abin da ya sa giram ɗaya na kitse ke ba da kilokalori 9, na sukari kuwa 4. Sukari ya riga ya ɗauki oksijin da yawa a jikinsa. Kitse kusan duk kabon da haidirojin ne, da sauran tafiya a gabansa.

Mene ne pH?

Ma'auni ne na yawan iyon ɗin haidirojin da ke yawo a ruwa. Søren Sørensen ya ƙirƙiro shi a Kofanhegan a 1909. Ruwa tsantsa 7 ne, ƙasa da haka asid, sama da haka alkali. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka 5 ya fi 7 tsami sau 100.

Ruwan da ke tumbin mutum yana tsakanin 1.5 da 3.5. Jini kuwa an tsare shi tsakanin 7.35 da 7.45, don in ya kauce, cajin da ke jikin furotin yana canzawa, naɗinsu ya lalace. Mai gadin wannan iyakar shi ne bayikabonet da ke cikin jini, yana shanye rarar asid ko ya sake shi gwargwadon buƙata, huhu da ƙoda na taya shi. Ƙuncin da kake ji in ka riƙe numfashi, yawancinsa ba ƙarancin oksijin ba ne, kabon dayoksaid ne ya taru ya fara tsamama jinin.

Me ake nufi da kabon 14?

Zarra biyu na sinadari ɗaya na iya bambanta a yawan niyutiron. Irin waɗannan ana ce musu aisotof. Kabon kullum furoton 6 ne, amma niyutiron na iya zama 6, ko 7, ko 8, a samu kabon 12, 13 da 14. A wajen ɗauri duk halinsu ɗaya. Sai dai kabon 14 ba ya dorewa: duk shekara 5,730 rabinsa ke rikiɗa ya koma naitirojin. Mai rai yana ta sabunta nasa ta abinci ko iska, in ya mutu sabuntawar ta tsaya. Auna abin da ya rage a ƙashi ko gawayi, ka san shekarunsa, har zuwa wajen 50,000. Willard Libby ne ya samo dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ta kuma kai shi ga lambar Nobel a 1960.

Shin zarrar jikin mai rai daban take da ta dutse ko iska?

Ba bambanci ko kaɗan. Masana sun daɗe suna zaton abubuwan da jiki ke sarrafawa ba za a iya haɗa su a kwalba ba. A 1828 Friedrich Wöhler na Jamus ya ɗumama wani gishiri da bai fito daga jikin kowa ba, sai ga yuriya, sinadarin da ƙoda ke fitarwa a fitsari. Zaton bai mutu a ranar ba, amma daga nan ya fara rushewa.

Kabon ɗin da ke tsokarka a yau, kwanakin baya yana cikin iska, ganye ya kama shi da taimakon hasken rana, ya bi ta abinci ya iso gare ka. Wani daga cikinsa zai fita da numfashinka kafin ka gama karanta wannan layin. Ruwan jiki yana sauyawa cikin 'yan makonni, jajayen ƙwayoyin jini suna yin kimanin kwana 120 a maye gurbinsu, ƙashi kuma yana ɗaukar shekaru yana rushewa yana ginuwa. Ƙarfen da ke cikin tsohuwar ƙwayar jini kuwa ba a zubar da shi: saifa da hanta suna ciro shi, a mayar da shi ɓargo, a saka shi a sabuwa.